Mai Sunan Baba

Alhamis, 3 ga Sha'aban 1362, bayan azahar

Takardar ta iso yau da hantsi. Ƙasimu dogari ne ya kawo ta daga Birni, ya cusa ta cikin hula saboda ruwan sama, duk da haka gefenta ya jiƙe. Mutum goma sha biyu ake so daga Kakangi a wannan diban. Za a kai su haƙar kuza can kan dutse, wata huɗu in ji takarda. Na bara ma wata huɗu aka ce.

Ni ne malamin dagaci, ni kaɗai ke karanta boko a garin nan, don haka duk abin da ya zo a rubuce ta bakina yake fita. Wannan ɗan littafin ragowar na aiki ne. Ina rubutu a cikinsa don ba ni da wanda zan gaya wa.

Na karanta suna takwas lafiya lau. Da na zo na tara sai harshena ya tsaya. Sunan mahaifina ne a wurin, sunan da ban taɓa furtawa ba tun da na yi wayo, a gabansa kuma an rubuta "ɗan Abubakar". Na yi abin da na saba yi in na ci karo da shi a takarda, na ce Shehu, tunda kowa ya san mai wane suna ake yi wa laƙabi da Shehu. Mutane sun daɗe da ɗauka girmamawa ce kawai take sa ni yin haka. Dagaci ya faɗi ainihin sunan da bakinsa, ya ce wane ne kuma wannan a garin nan? Aka yi ta kallon juna. Can sai Ƙasimu ya ce, "Ranka ya daɗe, ai Manu ne, ɗan Buba na rugar bakin rafi. Manu shi ne sunan a bakin Fulani, Buba kuwa ai Abubakar ne."

Dagaci ya ce, "Haka ne kuwa. Malam, ci gaba."

Na ci gaba.

Juma'a, 4 ga Sha'aban, da hantsi

Bari in rubuta shi a fili, ko zuciyata ta rage bugun da take yi.

Abarshi ake kirana. Uwata ta binne huɗu kafin ni, da aka haife ni sai kakata ta ɗaga ni ta ce, "Wannan dai a bar shi." Aka bar ni, maganar ta zama suna. Amma ragon da aka yanka ranar sunana, Abubakar aka yanka wa. Shekara tara ke nan da muka taso daga Damari, kuma a Kakangi ba wanda ya taɓa tambayata, don wa zai tsare malami yana tambayarsa sunan yanka?

Ɗana na fari kuwa sunan mahaifina na sa masa. Kunya biyu ke nan ta hau kan suna ɗaya, ta uba da ta ɗan fari. Ni ba na kira, uwarsa Saude ba ta kira, muka ce Nababa, gari ya ɗauka. Shekararsa ashirin. Mutanen nan sun san mai sunan Baba ne, amma Baban ya rasu a Damari kafin su san mu.

Shekara uku da suka wuce wani malami ya zo daga Zariya yin ƙidaya. Mutum ne mai taurin kai, ya ce shi ba ya rubuta laƙabi, sunan yanka yake so. Da ya shigo zaurenmu na sunkuyar da kai, Kawu Maliki ne ya faɗa masa nawa da na yaron. Kawu ya rasu bara. Ni na raka malamin nan gida-gida har ya gama, na kuma san ƙafarsa ba ta taka ruga ko ɗaya ba, ya ce Fulani littafinsu daban ne. Daga littafinsa aka tsamo sunayen jiya.

Ba Manu ba ne. Na sani tun Ƙasimu bai rufe baki ba.

Asabar, 5 ga Sha'aban, da almuru

Ban gaya wa Saude ba.

Lahadi, 6 ga Sha'aban, bayan la'asar

Na tura Nababa gonarmu ta bakin daji. Na ce birai sun fara shiga masara, ya je ya zauna a bukka har a karye ta, ya kuma duba amyoyin zumarsa tunda yana can. Ya yi dariya ya ce, "Baba, masarar da yanzu ta fara goyo? Biran bana da gaggawa suke." Na ce ya yi abin da aka sa shi. Ya ɗan dube ni, don ban saba ɗaga masa murya ba, sannan ya ɗauki gatari da gora.

A da ni ne ke hana shi kwana can, saboda kuraye da ƙudan tsando. Yau ga ni ina tura shi, har ina ganin daji ya fi gari aminci. Saude ta ƙulla masa gari da kuka da daddawa, tana kallona ta wutsiyar ido.

Litinin, 7 ga Sha'aban, da azahar

An kawo Manu. Sauran sha ɗayan an bar su a gidajensu har ranar tafiya, ashirin da huɗu ga wata, tunda kowa ya san ƙofar gidan ubansu. Shi kuwa Manu, dagaci ya ce Bafillace in ya shiga dajin nan sai dai a ji labari, saboda haka a zaure zai zauna, da igiya a ƙafa. A zauren da nake aiki ke nan. Buzuna yana nan, tabarmarsa tana can, taku huɗu ne tsakani.

Dogo ne siriri, sa'an Nababa. Bai yi gardama ba. Abu ɗaya ya tambaya, wa zai fitar da shanu gobe, don idon ubansa ya yi hazo, ƙannensa kuma duk mata ne ƙanana. Ƙasimu ya ce wannan ba ya cikin takarda.

Ina zaton dagaci ya tuna cewa ba a ƙidaya ruga ba. Amma goma sha biyu aka ce masa, kuma in ɗaya ya fito daga ruga, gida ɗaya ke nan a gari da ba za a yi kuka ba. Bai dube ni ba, ban dube shi ba.

Laraba, 9 ga Sha'aban, da sassafe

Tuwo ba ya wuce mini wuya. Saude ta ce ko shawara ce, ta jiƙa mini saiwa.

Alhamis, 10 ga Sha'aban, bayan la'asar

Na leƙa maƙwabcinmu Hammadu. Shi ne ɗaya daga cikin waɗanda suka dawo daga diban bara. Ba zan rubuta nawa suka tafi ba, ba zan rubuta nawa suka dawo ba. Tun dawowarsa tari yake yi, ta katanga muke ji. Na same shi a rana, cikin wannan zafin, ya lulluɓa da gwado.

Ban tambaye shi komai ba, shi ya fara. Ya jawo wani ɗan faifan ƙarfe mai huda daga ƙarƙashin tabarma ya miƙo mini, da lamba a jiki.

Ya ce, "Malam, kai mai karatu ne, ka ga sunana ke nan a can. Ba wanda ya ce mini Hammadu tun da muka sauka daga jirgi. Da wannan ake kiranka aiki, da shi ake ba ka hatsi."

Na ce, "To in mutum ya kwanta ciwo fa?"

Ya ce, "Da shi dai. Akwai wani da muka kwana ɗaki ɗaya wata biyu, mutumin wajen Kwatarkwashi ne ko ina. Da safe muka ga bai tashi ba. Muka yi masa salla, aka zo addu'a, aka rasa wanda ya san sunansa. Bare a san gidan da za a aika."

Tari ya sarƙe shi. Na ba shi ruwa na fito. Tsoro nake ji, irin wanda ban taɓa ji ba ko ranar da na ga zaki a hanyar Kusasu.

Juma'a, 11 ga Sha'aban, bayan masallaci

Ya Allah. Ya Allah.

Lahadi, 13 ga Sha'aban, da hantsi

Habiba, uwar Manu, ta zo. Shekara bakwai tana kawo wa Saude nono, har sun zama kamar 'yan uwa, suna yi wa juna tsiya a kan ludayin awo. Yau ba tsiya. Ta sauke ƙwarya a tsakar gida ta ce tana son ganin Malam. Na fito ta durƙusa nesa, ta juya mini gefe.

Ta ce, "Malam, an ce kai ne ka ga takardar da idonka."

Na ce ni ne.

Ta ce, "Ɗan nan da ke bin shanu. Da gaske shi ne a ciki?"

Ɗan farinta ne, ita ma ba ta kama sunansa. Ko a wannan halin ba ta kama ba. Na ce mata sunan dai irin nasa ne, na uban ma irin na ubansa ne. Ban yi ƙarya ba. Na auna kowace kalma kamar mai auna gishiri, na tabbata babu ƙarya a ciki, kuma Allah ya san abin da na yi.

Ta ce, "To, tunda kai ka faɗa. Mu ba mu san takarda ba, kai muka sani." Ta ciro curin man shanu a ganye ta ajiye a gabana, wai in riƙa duba mata shi a zaure, in an manta ba a ba shi ruwa ba in tuna musu.

Bayan ta tafi Saude ta tsaya a ƙofar ɗaki. Ta daɗe tana kallon man shanun. Sannan ta ce, "Malam, biran nan da suka shiga masara, a takarda ka gan su?"

Na gaya mata duka.

Lahadi ɗin dai, bayan la'asar

Na zaci za ta yi kuka. Ba ta yi ba. Ta ja ni cikin ɗaki ta saki labule, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

Ta ce, "Wa ya sani bayan ni da kai?"

Na ce Kawu, kuma Kawu yana ƙasa.

Ta ce, "To shi ke nan. Ka yi shiru. An taɓa tilasta wa uba ya kama sunan ɗan farinsa? Kunya ce, tun kakanni. Wa zai ga laifinka?"

Na ce, "Saude, Habiba fa?"

Ta ce, "Habiba tana da Allah. Ni namiji ɗaya gare ni, uku na binne a Damari, kai ka haƙa. Kakarka ta roƙa a bar ka, aka bar ka, har ga shi ka yi furfura. Ni ma a bar mini nawa."

Shekara ashirin ina jin kunyar nan ado ce, ina alfahari da ita, har nakan yi wa 'yan zamani dariya masu kiran ɗan fari gatsau kamar suna kiran akuya. Ban san wata rana za ta zama ramin da zan ɓuya a ciki ba. Man shanun yana nan kan rumbu, ba wanda ya taɓa.

Talata, 15 ga Sha'aban, bayan asuba

Tsakiyar Sha'aban. Liman ya ɗan yi wa'azi bayan salla, ya ce a irin wannan lokaci ake miƙa wa mala'ika sunayen waɗanda ba za su ga baɗi ba. Ya ce ranar tsayuwa kuma kowa da sunansa da na ubansa za a kira shi, don haka a kyautata wa 'ya'ya suna. Tsofaffi suna ta gyaɗa kai.

Ni kuwa gumi ne ya keto mini. Ashe can babu Abarshi, babu Nababa. Kuma can babu Ƙasimu da zai ce ai wane ne.

Alhamis, 17 ga Sha'aban, da azahar

Dagaci ya shiga gida, Ƙasimu ya tafi cin abinci, aka bar ni da Manu. Kwana goma muna zaune taku huɗu tsakani, in ban da gaisuwa ba abin da ke haɗa mu. Ina kai masa ruwa dai kullum, ina ajiyewa ba tare da na dubi fuskarsa ba.

Ya ce, "Malam, don Allah nuna mini abin. Ina so in ga sunana yadda yake."

Na ɗauko takardar na matsa kusa, na ɗora yatsa a kan layi na tara. Ya sunkuya ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Wannan ɗan zanen? Harufa nawa ne?"

Na ce biyar.

Ya yi murmushi ya ce, "Igiyar ɗaure maraƙi ma ta fi shi tsawo, amma dubi yadda ya riƙe ni. Gaskiyar Hausawa da suka ce suna linzami."

Na naɗe takardar zan koma buzuna, sai ya ce, "Malam, kwana biyu ban ga takwarana ba. In ya dawo daga gona ka gaishe shi."

Na ce, "Wane takwara?"

Ya ce, "Nababa mana. Tun bara da muka haɗu wajen amyoyinsa ya gaya mini. Shi zuma, ni nono, haka muke musaya. Takwara nake ce masa."

Ya faɗa ne kawai, ya koma ya jingina da bango. Ban ga komai a fuskarsa ba. Fulani dai ba a ganin komai a fuskarsu.

Juma'a, 18 ga Sha'aban, da sassafe

Ya sani ne, ko bai sani ba?

Asabar, 19 ga Sha'aban, da hantsi

Rabin abin ya sani. Ya san sunan ɗan, bai san na uban ba. Ko kuwa ya haɗa ya gane, ya yi shiru don kunyar furfurata. In haka ne, to yaron nan ya fi ni.

Duk wanda ya yi sallama a zaure sai gabana ya faɗi. Jiya wani baƙo ya zo daga Damari sayar da tabarmi, na hango shi a kasuwa na bi ta bayan rumfuna kamar ɓarawo, kada ya ce mini Habu, yadda 'yan unguwarmu suke ce mini muna yara.

Litinin, 21 ga Sha'aban, bayan la'asar

Buba ya fita da shanu da kansa, da wannan idon nasa. Suka watse masa a daji, ya kwana yana nema, kura ta kama maraƙi biyu. Shi ma da kyar aka same shi a bakin wani kwazazzabo, ya gurɗe ƙafa. Ƙasimu ne ya ba da labarin a zaure yana dariya, a gaban Manu.

Manu ya juya fuska ga bango. Ruwan da na ajiye masa yana nan har na tashi.

Saude ta daina sayen nono. In ta ji muryar Habiba a waje sai ta shige ɗaki ta ce a ce tana barci. Saura kwana uku.

Laraba, 23 ga Sha'aban, bayan azahar

Nababa ya dawo. Ban aika masa ba. Na shigo gida na same shi zaune a zaurenmu, ƙafa duk laka, da goran zuma a gefe. Wasu masu saran itace ne suka gaya masa an kama Manu.

Ya gaishe ni yadda ya saba, har ƙasa. Sannan ya ce, "Baba, na biya ta wajen dagaci. Na ga Manu."

Na ce to.

Ya ce, "An ce sunansa da na ubansa aka gani a takarda." Ya murza bakin rigarsa. Shi ma ba ya iya kama nawa, haka muka rene shi. Da kyar ya ce, "Baba, sunan Buba ba irin naka ba ne?"

Ga mu nan uba da ɗa, kowa yana kewaya sunan ɗan'uwansa kamar masu kewaya rijiya. Na ce masa masara tana can ba mai gadi, ya tashi ya koma tun rana ba ta faɗi ba. Na ce umarni ne. Na ce in ya ƙi ban yafe ba, Allah ya gafarta mini wannan kalmar.

Ya ce, "To, Baba."

Bai tafi ba. Yana tsakar gida yanzu yana gyara wa uwarsa ƙotar fartanya, ita kuma tana tsaye kansa tana roƙonsa ƙasa-ƙasa. Ina jin muryarta daga nan, ba na jin tasa.

Alhamis, 24 ga Sha'aban, bayan la'asar

Zan rubuta yadda ya faru, bi da bi, don in ban rubuta yau ba ba zan iya ba.

Da hantsi aka taru a ƙofar dagaci. Ɗan doka ya zo daga Birni zai raka su, wani baƙin mutum mai tsagen Barebari, ba ya wasa. Mata suna tsaye can gindin tsamiya. Na hango Saude, na hango Habiba ita kaɗai a gefe da ƙwarya a kai. Nababa yana cikin samari, ya harɗe hannu.

Na fara kira, kowa na amsawa yana fitowa. Da na zo na tara na ce Shehu. Ɗan dokan ya ɗaga sanda ya ce, "Malam, ni ma na ɗan taɓa boko. Ba haka aka rubuta ba. Ka kira yadda yake a takarda, kada a je Birni a ce na kawo wani."

Na dubi takardar. Harufa biyar ɗin suna nan inda suke. Na ce a raina Manu zai amsa, ya saba, a wuce wurin. Na buɗe baki na faɗi sunan. Ban san haka yake da nauyi ba, ban kuma san haka yake da daɗi a baki ba.

Murya biyu ta ce, "Na'am."

Manu yana zaune da igiyarsa, Nababa ya riga ya fito daga cikin samari taku ɗaya. Ƙasimu ya ce, "Kai Nababa, koma, ba da kai ake ba." Ɗan dokan ya dubi wannan ya dubi wancan, ya ce, "Ɗan Abubakar aka ce. Wanne ne ɗan Abubakar?"

Ƙasimu ya nuna Manu. Dagaci yana kallon ƙasa. Nababa ba zai kama sunana a gaban jama'a ba ko za a yanka shi. Kallona kawai yake yi. Da na yi shiru da shi ke nan, maganar Ƙasimu ta zauna, ba mai ja. Na ji idon Saude a bayan wuyana tun daga gindin tsamiya.

Na ce, "Ni ne Abubakar. Ba a ƙidaya ruga ba, ni na raka mai ƙidayar. Yaron nawa ne."

Ban san ko don tsoron Allah na faɗa ba, ko don ba zan iya jure kallon yaron nan ba. Ba na so in yi wa kaina ƙarya a littafin da ba mai karantawa.

Aka kwance Manu. Bai tafi nan da nan ba, ya zo ya cire bargon da ke kafaɗarsa, irin saƙar Fulani mai kauri, ya ɗora wa Nababa. Ya ce, "Takwara, an ce can da sanyi." Daga gindin tsamiya ban ji kuka ba. Da na waiwaya Saude ba ta nan.

An ba su ɗan lokaci su yi sallama. Nababa ya zo ya durƙusa a gabana. Na ce na janye maganar jiya, na yafe duniya da lahira. Ya ce ya sani. Sannan ya ɗago kai, har da ɗan murmushin nan nasa na tsokana, ya ce, "Baba, sake faɗa in ji. Hammadu ya ce can lamba suke kira."

Na sake faɗa. Sau uku na faɗa, ina dafe da kansa, a gaban duk Kakangi.

Sun bi hanyar Birni ana yayyafi. Na tsaya har bargon ya ɓace a cikin itatuwa.

Asabar, 26 ga Sha'aban, da hantsi

Saude ba ta yi mini magana ba tun ranar. Tana ajiye tuwo a ƙofar ɗaki ta juya. Ban ga laifinta ba.

Litinin, 28 ga Sha'aban, da almuru

Habiba ta ajiye ƙwaryar nono a bakin zaure ta tafi ba sallama. Ƙwaryar ta wuni a wurin. Da la'asar na ga Saude ta fito ta tsaya a kanta, ta daɗe, sannan ta ɗauka ta shiga da ita.

Manu ya je ya karye mana masarar bakin daji ba wanda ya sa shi. Ya ce birai ba su taɓa ko ɗaya ba.

Hammadu yana ta tari. Yanzu in na ji sai in tashi in fita.

Alhamis, 2 ga Ramadan, bayan asuba

Babu labari. An ce sai sun sauka daga jirgi, in an sami mai zuwa.

Shekara ashirin in na ɗaga hannu sai in ce, Allah ka raya yaron nan, Allah ka tsare yaron nan. Na san Ubangiji ba ya ruɗewa, ba malamin ƙidaya ba ne, ba Ƙasimu ba ne. Amma ni na tsorata da kewaye-kewaye. Yau bayan salla na faɗa a fili, ban san Saude tana bayan labule ba sai da na ji ta ce amin. Ita ce kalmar farko da ta ba ni cikin kwana bakwai.

Ga yadda na ce, zan kuma rubuta shi da hannuna, wanda bai taɓa rubutawa ba.

Ya Allah, Usman. Usman ɗan Abubakar, na Kakangi, jikan Usman na Damari, wanda ake ce wa Nababa, mai bargon Fulani a kafaɗa. Na faɗa duka don kada a yi kuskure. A bar shi.